Kofin da Na Miƙa wa Nazifi a Kan Tudu

Da ƙarfe biyar da kwata na yammacin Asabar ɗin da ta wuce, muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, da ke kusa da tashar jirgin Taman Melati a nan Kuala Lumpur. Akwai ni, akwai Bitrus mutumin Pankshin, maƙwabcina na shekara da shekaru, akwai kuma Malam Sanusi, ɗalibin da ke karatun digiri na uku a Lembah Pantai. Shayi bai ma iso ba Malam Sanusi ya ɗauko tambayar da kowa ke yi mini tun da muka dawo.

"Malam Haladu, wai da gaske ne ruwan alwala yana daskarewa a gemu?"

Bitrus ya ce, "Rabu da gemu. Ni suwaitata nake so in ji ko ta yi aiki."

Na gaji da ba da labarin nan gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki abin da ya ji ya je ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi a jere, daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya karanta kada ya sake tambayata.

Ga wanda bai san mu ba, ni ɗan Kano ne, aikina ɗaure kaya a rumfata da ke kasuwar Chow Kit, in auna, in tura wa 'yan kasuwa gida. Nazifi ɗana ne. Yana ƙarami muka zo da shi Kuala Lumpur, shi ya sa in ka yi masa Hausa rabin amsar da Turanci ko Malayanci take fitowa, da "lah" ɗin da Malayawa ke liƙawa a ƙarshen magana. Ya yi gudun dogon zango a makaranta. Da ya shiga jami'a, wani malaminsu Bature ya ba shi gajerun alluna biyu masu taya da sanduna biyu, ya ce da irinsu 'yan tseren ƙanƙara ke motsa jiki idan rani ya zo. Tun daga nan, duk Lahadi bayan asuba Nazifi yana kan kwalta yana tura kansa da sanduna, masu babur suna yi masa dariya. Ya je ƙasashen sanyi ya yi ƙananan tsere, har ya samu gurbi a babbar gasar duniya da sunan Najeriya.

Wasan kuwa haka yake. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafafunsa, ya zura su cikin kwari biyu da inji ya tsaga a kan dusar ƙanƙara, kamar kwarin kunya a gona, ya yi ta tafiya cikin daji yana tura kansa da sanduna, hawa da gangara. Wannan shi suke kira salon gargajiya, ba a yarda ka riƙa watsa ƙafa gefe kana zamewa ba. 'Yan ƙasashe irin tamu ba sa shiga babban tsere kai tsaye. Ana fara yi musu na tankaɗe, mutum goma na farko su wuce, saura su koma gida.

Kafin mu tashi na zaunar da shi a gaban mahaifiyarsa, Hajara. Na ce masa ya gama jami'a, sa'anninsa sun fara iyali, shi yana yawo da katako a titi. Na ce, "Zan raka ka. In ka shiga cikin goman nan, ci gaba, ba zan sake magana ba. In ba ka shiga ba, ka rataye sandunan nan ka zo rumfa."

Ya ce, "Boleh, Baba. Na yarda."

Bitrus ne ya kai mu filin jirgi. Jakar allunan ta fi motarsa tsawo, sai da muka fitar da kanta ta taga, Nazifi ya rungume gindinta. Muna isowa Bitrus ya miƙo mini wata tsohuwar suwaita ruwan ƙasa.

Ya ce, "Riƙe wannan. Da ita na ci sanyin Pankshin. Wanda ya ci sanyin Pankshin kuwa, Turai wasan yara ce."

Na ce, "Ka taɓa zuwa Turan?"

"Ba sai na je ba. Sanyi ai sanyi ne."

Mun sauya jirgi a wata ƙasar Larabawa, sannan muka sauka Norway. Jami'in shige da fice ya juya koren fasfon Nazifi, ya tambayi abin da ya kawo mu. Da ya ji, sai ya ɗago ya dube shi, ya dubi fasfon, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa. Na ɗauka matsala ce. Ashe abokin ma ɗan wasan ne, so yake ya san a ina ake samun ƙanƙara a Najeriya. Nazifi ya ce a firiji. Suka yi dariya suka buga mana hatimi.

Matsalar tana wajen masu duba kaya. Hajara ta saka mana yaji da garin kunu da kilishin da wani ɗan kasuwa ya kawo mata daga gida. Yaji ya wuce, gari ya wuce, kilishi aka ce nama ne, ba ya shiga. Na tambayi matar ko doka ta hana a ci shi a nan inda nake tsaye. Ta ce ba ta hana ba. Na buɗe takardar na fara.

Nazifi ya ce, "Baba, don Allah lah, mutane suna kallo."

Na ce, "Su kalla. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya baya yana ci. Abin da ya gagare mu muka bar musu.

Da ƙofar filin jirgin ta buɗe, na gane Bitrus bai san abin da yake faɗa ba. Sanyin bai tsaya a fata ba, haƙorana ya fara kamawa. Suwaitarsa ta zama ta uku a cikin riguna biyar da na saka. Wannan ita ce amsarka, Bitrus.

Daga nan jirgin ƙasa muka shiga zuwa garin gasar, wanda har yau ban iya faɗin sunansa daidai ba. Jirgin cike yake, amma shiru kamar ana zaman makoki. Na gaida matar da ke kusa da ni, sai ta yi sauri ta janye jakarta, ta ɗauka wuri nake nema. A LRT ma, jirginmu na cikin Kuala Lumpur, mutane ba su cika magana ba, amma in ka yi sallama wani zai amsa. Can kuwa kowa da littafinsa. Sai dai gaskiya ɗaya: da muka zo sauka jakar allunan ta maƙale a ƙofa, mutum uku suka tashi suka ciro ta, ba wanda ya jira godiya.

An sauke mu a wani gidan katako tare da 'yan ƙasashen zafi irinmu. Ana cire takalmi a ƙofa kamar gidajen Malayawa, wannan ya yi mini. Banɗaki kuwa babu buta, babu tiyon ruwa irin na nan, sai da na mayar da gorar ruwa buta. Abincin safe burodi ne mai sanyi da kifi a cikin ruwan tsami da wani cuku ruwan ƙasa, kamanninsa na sabulun wanki, ɗanɗanonsa na alewa. Na ci sau ɗaya don kada a ce na raina. Sauran kwanakin kunu na dama da safe, da rana kifi da dankali, da yamma dankali da kifi. Yajin Hajara ne ya rufa mana asiri. Wani likitan haƙori daga Kudancin Amurka, wanda shi ma tseren ya kawo shi duk da furfurarsa, ya ɗanɗana yajin ya yi hawaye, washegari ya dawo da farantinsa.

Abu biyu suka ɗaure mini kai a garin. Rana ba ta hawa sama, gefe take bi kamar mai jin kunya, kana idar da azahar ka ɗan zauna sai la'asar. Sannan na ga keken jarirai a ƙofar wani shagon shayi, a waje, cikin wannan sanyi, da jariri a ciki yana barci. Na tsaya gadinsa ina neman wanda zan kai wa ƙara. Uwar ta fito da kofi a hannu, ta ce haka suke yi, barcin waje ya fi lafiya. Na kama hanyata. Ƙasarsu ce.

A filin wasa aka haɗa mu da wani tsoho mai suna Ola, ɗan garin, wanda ya ba da kansa don taimakon ƙananan tawagogi. Manyan ƙasashe sun zo da tireloli cike da alluna da ma'aikata. Mu tebur ɗaya ne da tsoho Ola da dutsen guga. Shi ya nuna mini asirin abin. A tsakiyar allo ta ƙasa ana shafa wani kaki mai danƙo, shi ke kama ƙanƙara idan mutum ya taka zai hau tudu. In ya yi kaɗan ka zame baya, in ya yi yawa ƙanƙara ta manne ka kasa tafiya. Allon taya da Nazifi ya saba da shi a nan ba ya komawa baya ko yaya ka taka, don haka tsohon ya yi kwanaki yana gyara masa taku. Yakan bi shi a baya yana tsawa, Nazifi yana cewa to. Na ji daɗin tsohon. Ba ya yabo sai abu ya yi.

Damuwa ɗaya ta rage. Iskar can busasshiya ce, maƙogwaron Nazifi kuwa ya saba da danshin Kuala Lumpur. In ya yi nisa sai tari ya sarƙe shi. Tsoho Ola ya ce a zagaye na ƙarshe a ba shi ruwan ɗumi da zuma a saman dogon tudu. Shi zai tsaya can gaba da sandunan ko-ta-kwana, ni zan riƙe kofi. Ya kai ni ya nuna mini wurin. Ta dama shinge ne da gangare, masu miƙa ruwa duk ta hagu suke tsayawa. Ya ce in riƙe kofin ta gindi, daidai ƙirji, in ɗan bi shi da gudu, kada in yi magana.

Da yammacin jajiberin tsere muna falo, likitan haƙori da wasu suna zaune, Nazifi ya zo ya durƙusa kusa da ni da kofin roba a hannu.

Ya ce, "Baba, gobe ta hagu za ka tsaya. Da hannun hagu zan karɓa. Kada ka ji haushi lah."

Na ce, "Na ji. Wannan aiki ne, ba rashin kunya ba ne."

"To mu gwada. Ka tsaya a baranda, ni in zo da gudu. Ko sau biyar."

Na dubi mutanen falon. Ban ga yadda zan tsaya a gaban baƙi, da furfurata, ina koyon miƙa kofi ba. Na ce, "Miƙa kofi ba karatu ba ne. Je ka huta."

Ya ce, "To, Baba." Ya tashi.

A gidana ba a karɓar abu da hagu. Haka aka tashe ni, haka na tashe shi. Tun yana rarrafe, in ya miƙo hagu sai in janye abin har sai ya sauya. A makarantar Malayawa ma haka aka koya masa, har da tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun in babba ne ya ba ka. Ban ce tarbiyyar kuskure ce ba, kuma har gobe ba zan ce ba.

Ranar tsere aka riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, kowa da agogonsa. Ban yi zaton mutane za su fito kallon 'yan tankaɗe ba, amma dajin cike yake. Sun kafa tantuna, sun hura wuta suna gashi, suna kaɗa ƙararrawar shanu. Ko wane ne ya wuce, ko daga ina yake, ihu ɗaya suke yi masa. Wani mutum kusa da ni ya ga tutar da ke jikin rigata, ya tambayi sunan ɗana, ya gaya wa na kusa da shi, shi ma ya gaya wa na gaba.

A zagayen farko Nazifi ya wuce ni ƙafarsa tana kama ƙanƙara daidai, dajin duka yana kiran "Nasifi! Nasifi!" Likitan haƙori da aka saka kafin shi yana bayansa da nisa. Wata mata mai ƙaramar rediyo ta nuna mini yatsu tara. Na tara yake. Na cusa kofin cikin suwaitar Bitrus don kada ruwan ya huce.

Da ya sake ɓullowa a gindin tudun, na ga mutum ne da ya ƙare. Gemunsa ya yi fari da ƙanƙara, bakinsa a buɗe, tarin ya fara. Yana hawa yana dubana, ba ya duban hanya. Na fito da kofin, na riƙe ta gindi daidai ƙirji, na fara bin sa kamar yadda aka ce.

Abin da ya faru, a jere, shi ne wannan. Na ga hannunsa na hagu ya ɗago. Ya zo rabi ya tsaya. Ya koma. Sai hannun dama ya gitto ta gaban ƙirjinsa, har da ɗan rusunawa. Sandar dama tana ɗaure a wuyan hannunsa, ta biyo hannun, tsininta ya shiga tsakanin gwiwoyinsa. Allon dama ya hau kanta. Na ji ƙas. Nazifi ya kifa da fuska, kofin ya tashi sama, ruwan ya dawo kaina.

Ƙararrawa duka suka yi shiru. Na sunkuya zan ɗaga shi, ya ce, "A'a, Baba, kada ka taɓa!" Ya miƙe da kansa, guntun sanda yana lilo a hannunsa, ya ci gaba da hawa da sanda ɗaya, yana ɗingishi kamar tsuntsu mai karyayyen fiffike. Tsoho Ola yana can gaba da nisa. Wani kocin wata ƙasa, wanda ba mu taɓa ko gaisawa ba, ya tsallake mutane da gudu ya cusa masa sanda a hannu. Daga baya na ji al'adarsu ce, ba a barin mai karyayyar sanda ko abokin hamayya ne. Sandar ta yi masa tsawo, amma da ita ya ƙarasa.

Na goma sha biyu ya zo.

Na same shi a tanti, an lulluɓa masa bargo, leɓensa ya fashe. Na shirya maganganu a hanya. Shi ya fara.

"Baba, ruwan ya jiƙa ka? Ka sauya riga, za ka yi mura."

Na ce, "Na ga hagun ya ɗago."

Ya ce, "Na sani. Na ce masa ya tafi, ya ƙi. Da na ga fuskarka, shi ke nan."

Tsoho Ola ya shigo da guntayen sandar ya ajiye. Ya tambaye mu sau nawa muka gwada miƙa kofin. Nazifi ya yi sauri ya ce masa santsi ne ya kwashe shi. Tsohon ya dube ni, ya dubi Nazifi, ya kwashe kakinsa ya fita.

Mun tsaya mun kalli babban tseren daga cikin 'yan kallo. A nan na fara ganin abin da yaron nan yake nema duk shekarun nan. Mutanen suna hawa tudun da ya ƙarar da shi kamar ana jan su da igiya, takunsu ɗaya, sandunansu suna sauka tare. Nazifi yana gefena yana nuna mini wane ya fi iya taku, wane kakinsa ya fara ƙarewa, Hausarsa ta gudu gaba ɗaya, Turanci kawai yake zubawa. Ban taɓa ganinsa yana magana haka ba. Da na gaba ya iso wurin ruwa, sai ya fizgi kofi da hagu, ya kurɓa, ya jefar a ƙasa, ko fuskar mai ba shi bai kalla ba. Na juya in ga ko Nazifi ya lura. Ya lura. Daga nan bai sake nuna mini kowa ba har aka tashi.

Dawowa ba ta da labari. Nazifi ya yi barci a jirgi, ni ban yi ba. Bitrus ya tarye mu, zafin Kuala Lumpur ya rufe mu tun daga ƙofa, na mayar masa da suwaitarsa da tabon zuma a ƙirji. A mota ya fara tsokana, "Sarkin ƙanƙara, an ce ka yi sujada a Turai," sai ya ga fuskokinmu ta madubi ya kunna rediyo.

Ranar Litinin na iso rumfa na tarar da Nazifi ya riga ni, yana ɗaure kwalaye. Allunan taya suna saman kwaba, an naɗe su da tsohon zanen uwarsa. Yana aiki da kyau, ba ya makara, ba ya gardama. Lahadi bayan asuba sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Hajara ta ce mini ba barci yake ba.

Na kira shi na ce na janye sharaɗin, ya ɗauki kayansa ya koma titi. Ya ce, "Ba komai lah, Baba. Na yi alkawari a gaban Umma." Na sake yi masa magana bayan mako guda, ya ba ni amsa iri ɗaya. Yana ganin tausayi ne ya sa na faɗa, kuma bai saba jin na faɗi magana na dawo na warware ta ba. Daga bakina ba zai karɓa ba.

To ga roƙona gare ku, ku da kuka matsa sai kun ji labari. Na farko, ku daina kiransa Sarkin ƙanƙara, kuma kada wanda ya tambaye shi yadda ya faɗi, ga shi na gaya muku. Na biyu, yana bukatar mota ta bi shi a baya da fitila idan yana kan kwalta, malamin da yake yi masa haka ya koma ƙasarsu, ni kuwa ban iya tuƙi ba. Bitrus, ko kai Malam Sanusi, ko duk mai mota a cikinku, ya zo ƙofar gidanmu ranar Lahadi da an sallame asuba, ya yi hon, ya ce masa titi ba kowa. Kada ya ce ni na aiko shi. In ya fito, ku bi da shi ta hawan da ke bayan tashar jirgi. Za ku same ni a sama, ta hannun hagu, da kofi.